An ce mini AA, yanzu kuma an ce AS: wanne zan riƙe?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Shekara 6 da suka wuce, da zan shiga jami'a, an yi mana gwajin jini a asibitin makaranta, takardata ta fito AA. Tun daga ranar nake ɗaukar kaina AA. Yanzu an sa ranar aurena, muka je gwajin kafin aure. Wanda zan aura ya fito AS, kuma dama ya san haka, ni kuma sai aka rubuta mini AS. Na nuna musu tsohuwar takardar, suka ce su dai abin da suka gani ke nan. A gida an rabu biyu: wasu na cewa jinotaif kan canja idan mutum ya girma ko ya sha rashin lafiya, wasu na cewa mu riƙe takardar farko mu yi tawakkali. Don Allah yana canjawa? Idan ba ya canjawa, ta yaya wuri biyu za su ba da sakamako biyu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yar'uwa, Allah Ya sanya alheri a wannan lamari, Ya kuma kwantar miki da hankali. Bari in fara da abin da ya fi damun ki. Jinotaif ba ya canjawa. Wanda aka haife ki da shi, shi za ki tsufa da shi. Zazzaɓi ba ya taɓa shi, abinci ba ya taɓa shi, magani na asibiti ko na gargajiya ba ya juya shi. Rabi kin gada daga mahaifi, rabi daga mahaifiya, an gama rubuta shi tun kina ciki. Don haka aƙalla ɗaya daga cikin takardun nan biyu ba ta nuna ainihin abin da kika gada ba. Abin da ya rage shi ne a gano wacce, kuma ana iya ganowa. Amma sai kin san abin da ake yi da jinin bayan an zuƙe shi an shige da shi ciki, domin kalmar "gwajin jinotaif" da ake faɗa a baki ɗaya, a ɗakin gwaji hanyoyi ne daban-daban, kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba ne.

Abin da ake nema a gwajin shi ne sinadarin da ke sa jini ya yi ja, wanda muke kira himogulobin. Shi ke ɗauko iskar oksijin daga huhu ya raba wa jiki. Furotin ne mai sarƙa huɗu, biyu ana ce musu alfa, biyu beta. Sarƙar beta kamar carbi take, mai ƙwaya 146 a jere. Ga mai himogulobin A, ƙwaya ta 6 ana kiranta gulutamik. Ga mai S, an maye gurbinta da wata mai suna balin. Ga mai C, a wannan gurbin dai na 6, laisin ce ta zauna. Bambancin ke nan gaba ɗaya, ƙwaya guda cikin 146. Vernon Ingram ne ya gano haka a Kambirij ta Ingila tsakanin 1956 da 1957. Kafin shi, a 1949, Linus Pauling da Harvey Itano da abokan aikinsu a Amurka sun nuna cewa idan aka saka himogulobin na mai sikila da na mai lafiya a cikin wutar lantarki, ba sa tafiya da sauri ɗaya. Wannan abin da suka gani shekaru fiye da 70 da suka wuce, shi ne har yau ake amfani da shi a yawancin ɗakunan gwajinmu.

Sai dai kafin in kai can, akwai gwaji mai sauƙi da ya riga shi yaɗuwa, kuma ina zargin shi ne tushen rikici da yawa irin naki. Ana ɗiga jini a kan ɗan gilashi, a haɗa shi da ruwan wani sinadari mai suna sodiyam metabaisalfait, a rufe da wani siririn gilashi, a like gefuna da man basilin don kada iska ta shiga. Sinadarin yana janye oksijin daga jinin. Idan akwai S, ƙwayoyin jinin da a da suke zagaye kamar fai-fai sai su lanƙwashe su koma kamar lauje, a gan su a na'urar hangen ƙananan abubuwa. 'Yan'uwanmu na Nijar da Kamaru sun san shi da sunan gwajin Emmel. Akwai kuma ɗan'uwansa da ake yi a cikin kwalba, inda ruwan kan yi duhu-duhu idan akwai S, har a kasa karanta layukan da aka ja a bayan kwalbar.

Waɗannan biyun tambaya ɗaya kawai suke amsawa: akwai S ko babu? Ba sa bambance AS da SS. Ba sa ganin C ko kaɗan, don haka mai AC zai fito "babu sikila" sarai. Kuma ruwan sinadarin nan ba ya kwana, dole a haɗa sabo kowace rana. Idan aka yi aiki da na jiya ko na shekaranjiya, ko aka like gilashin bai liku ba, ko aka yi gaggawar dubawa kafin ƙwayoyin su lanƙwashe, jinin mai AS zai zauna lafiya lau kamar na mai AA. Babban laifin shi ne a ga babu lauje, sai a ɗauki biro a rubuta AA. Wannan gwajin ba shi da ikon ba da wannan hukunci. Iyakar abin da ya halatta a rubuta shi ne ba a ga alamar sikila ba.

Yanzu ga wanda aka fi sani, wanda sunansa ilektiroforesis, ni kuwa idan ina koya wa ɗalibai nakan ce musu tseren lantarki. Zan faɗa miki yadda ake yin sa dalla-dalla, don ki ga wuraren da ƙafa ke zamewa.

Ana zuba jininki a 'yar kwalba mai murfi ruwan hoda mai duhu, wadda ke ɗauke da maganin hana jini daskarewa. A ɗakin gwaji sai a wanke jajayen ƙwayoyin da ruwan gishiri, yawanci sau uku, ana juya su a injin juyi ana zubar da ruwan sama. Sannan a fasa su da tsabtataccen ruwa, himogulobin ya fito, ruwan ya yi ja garau kamar zoɓo. Akwai wata farar takarda ta musamman, mai laushi, tsawonta bai kai tafin hannu ba. Ana jiƙa ta a wani ruwa da muke kira bafa, wanda aka auna ƙarfinsa daidai, ma'auninsa na pH, wato ma'aunin tsami, tsakanin 8.4 da 8.6. Sai a ɗauki wani ɗan ƙarfe mai haƙora kamar matsefi, a tsoma a jinin mutane da yawa lokaci guda, a dangwala su a jere a kan layi ɗaya, kamar dawakai a bakin filin sukuwa. A ɗora takardar a cikin ƙaramin tanki, bakinta biyu suna taɓa ruwa, a kunna wuta.

A cikin wannan ruwan himogulobin yana ɗauke da cajin lantarki, don haka wutar na jan sa zuwa ɗaya gefen. Ƙwayar gulutamik ɗin nan ta 6 tana cikin masu ba shi cajin. A yana da ita, saboda haka shi ne kan gaba. S ya rasa ta, sai ya zama a baya. C ba rasa ta kawai ya yi ba, wadda ta maye gurbin tana ja ne ta kishiyar hanya, shi ya sa ya fi kowa nauyin ƙafa. Tsakanin A da S kuma akwai F, himogulobin na jarirai. Bayan kamar minti 20 zuwa 30 sai a kashe wuta, a rina takardar da jan rini, a wanke. Mai AA za a ga layi ɗaya mai kauri can gaba. Mai AS layi biyu, na gaban ya ɗan fi kauri. Mai SS layi ɗaya amma a baya. Mai SC layi biyu, duka a baya, babu kowa a gurbin A.

To ta yaya ma'aikaci zai san layin da yake gani na A ne ko na S, alhali takardar fara ce babu rubutu a kanta? Ta hanyar jinin shaida. A kowace takarda dole a dangwala jinin da aka riga aka tabbatar da abin da ke cikinsa, mai ɗauke da A da F da S da C, a yi tseren tare da shi. Da shi ake auna kowa. Takardar da ba ta da jinin shaida, karatunta kintace ne, ko da kuwa mai karantawar ya shekara 20 yana aikin. Ina faɗar wannan da ƙarfi domin na ga inda ake tsallake shi don tsimin kuɗi.

Ina tuna wata rana a wani ƙaramin ɗakin gwaji da na taɓa aiki ina sabon shiga. An kawo jinin ɗalibai masu yawa, ana son sakamako kafin la'asar. Muna tsakiyar tsere aka ɗauke wuta, kafin a tayar da janareta takardar ta fara bushewa ta gefe. Da muka rina, layukan ba su rabu ba, sun yi dunƙule ɗaya mai faɗi kamar an goga lalle da yatsa. Wanda nake ƙarƙashinsa ya ɗaga ta a hasken taga, ya daɗe yana kallo, sannan ya jefa ta a kwandon shara ya ce a sake daga farko. Ranar ba mu ba kowa sakamako ba, muka sha faɗa. Da a ce ya karanta ta a yadda take, duk wani mai AS a cikin yaran nan da AA zai tafi gida, ya riƙe takardar shekaru kamar yadda kika riƙe taki. Tun daga ranar ban ƙara ɗaukar wannan aiki da wasa ba.

Ba wuta kaɗai ke ɓata shi ba. Ruwan bafa idan aka yi ta maimaita shi har ya gaji, layuka ba sa rabuwa. Idan aka cika jini a wurin dangwalawa, A da S sai su haɗe. Idan aka yi ƙaranci, layin S ya dusashe har ido ya tsallake shi, domin dama a jikin mai AS kason S bai kai rabi ba, yana tsakanin 35 da 40 cikin ɗari, a wasu mutanen ma ƙasa da haka. Jinin da ya kwana biyu a zafi ba a sa shi a firiji ba yakan bar jela a bayansa, mai gaggawa ya ɗauka layi na biyu ne, ya rubuta wa mai AA cewa AS ne. Sannan ga kuskuren da ba ruwansa da kimiyya: a musanya kwalba, ko a rubuta sakamakon lamba 14 a gurbin lamba 15. A ranar da ake gwada ɗaruruwan sababbin ɗalibai, ga masu suna iri ɗaya rututu a layi, wannan ba abin mamaki ba ne.

Ko da an yi komai daidai, hanyar tana da iyakarta. Akwai wasu nau'o'in himogulobin, D da G, da ke tsayawa daidai inda S ke tsayawa. Wasu kuma, irin su E da O-Arab, suna tsayawa a gurbin C. Tseren ba ya ganin fuska, sauri kawai yake aunawa. Shi ya sa ƙa'idar aikinmu ta ce duk layin da aka gani a gurbin S a tabbatar da shi da wata hanya ta daban, ko da gwajin laujen nan ne da sabon sinadari, ko a sake tseren a wani ruwa mai tsami inda jerin gudun ke sauyawa.

Akwai yanayi kaɗan da jinin da ke yawo a jijiya ba ya nuna ainihin abin da mutum ya gada, kuma daga nan ne maganar "ya canja" ta samo asali. Na farko ƙarin jini. Jajayen ƙwayoyin jini suna rayuwa kimanin kwana 120. Yaro mai SS da aka ƙara wa jinin mai AA makon jiya, idan aka gwada shi yau AS zai fito, domin jinin mutum biyu ne a jikinsa. Mai AA da aka ƙara masa jinin mai AS shi ma za a iya ganin ɗan S. Saboda haka muke cewa a jira wata 3 zuwa 4 bayan ƙarin jini. Ki tuna ko an taɓa ƙara miki jini dab da ɗaya daga cikin gwaje-gwajen nan biyu. Na biyu jarirai: jinin sabon haihuwa mafi yawansa F ne, sai wajen wata 6 yake ja da baya, don haka gwajin lauje a wannan lokaci ba abin dogaro ba ne. Na uku dashen ɓargo, inda jinin mutum kan koma irin na wanda ya ba shi ɓargon. Amma ko shi, abin da zai gadar wa 'ya'yansa bai sauya ba.

Hanyar da nake so ki nema sunanta HPLC. Na'ura ce da ake tura jinin cikin wani siririn bututu cike da ƙananan ƙwayoyi masu kama himogulobin su riƙe. Sai na'urar ta riƙa turo ruwan gishiri, tana ƙara masa ƙarfi a hankali. Wanda riƙonsa bai yi ƙarfi ba shi ke fara saki: F ya fito, A ya biyo, sai wani ɗan kaɗan da kowa ke da shi mai suna A2, sannan S, C a ƙarshe. A bakin fita akwai haske da ke auna kowanne da lokacin fitowarsa da yawansa. Cikin 'yan mintoci sai ta buga takarda mai zanen tuddai, kowane tudu da sunansa da kasonsa cikin ɗari. Fifikonta biyu ne. Ba ta dogara da idon mutum a hasken taga ba, kuma tana ba da adadi. Tana kuma raba D da S, abin da tseren lantarki na yau da kullum ba ya yi.

Adadin nan yana da muhimmanci fiye da yadda mutane suka zata, kuma a nan zan ɗan tsaya, domin akwai aurarrakin da suka mutu a kan rashin saninsa. Akwai wani gadon jini da ake kira beta talasimiya, inda sarƙar beta lafiyarta ƙalau amma ɗaya daga cikin ƙwayoyin gadon biyu ba ta ƙera ta da yawa, ko ba ta ƙera ta sam. Mai ɗauke da wannan, a tseren lantarki layi ɗaya zai nuna a gurbin A, a rubuta masa AA, kuma ma'aikacin bai yi ƙarya ba. Alamar tana ɓoye ne a A2, wanda a mai lafiya ba ya wuce kusan kashi 3.5, a irin wannan mutum kuwa yakan haura, ga kuma jajayen ƙwayoyinsa ƙanana. Idan ya auri AS, ɗansu na iya gadar S daga ɓangare ɗaya, ya gaji ƙwayar da ba ta aiki daga ɗayan. Yaron zai yi ciwon sikila sosai, a gwaji kuma ya fito kamar SS. Sai miji ya ɗauko takardarsa ya ce shi AA ne, ina aka samo wannan yaro? A zargi baiwar Allah da abin da ba ta aikata ba. Wannan ba shi da yawa a yankinmu idan aka kwatanta da kuskuren gwaji, amma ko wanne ne daga cikin biyun, duk namijin da ya sami kansa a wannan hali ya sake gwada nasa jinin da hanya mai inganci kafin ya buɗe baki. Zargin mace a kan takardar da ba a san yadda aka samar da ita ba zalunci ne.

Haka nan maganar C. A ƙasar Hausa S ya fi yawa nesa ba kusa ba, amma C yana da ƙarfi a arewacin Gana da Burkina Faso, kuma ana samun sa a tsakanin Yarbawa. Mutanenmu na zango a Kumasi da Tamale da Akara su kula da wannan. AS da AC idan suka haɗu suna iya haifar SC, shi ma nau'in sikila ne, yana taɓa ido da ƙugu ko da rikicinsa bai kai na SS yawa ba.

Sama da duk waɗannan akwai gwajin da ba ya duba himogulobin ɗin ma, sai ya koma ga rubutun da aka ƙera shi da shi, wato DNA. Rubutun halittar ɗan'adam harafi ne kusan biliyan 3, kuma umarnin sarƙar beta yana kan kuromosom na 11, ɗaya daga cikin ƙunshin da aka rarraba rubutun a cikinsu. A wurin da mai A ke da GAG, mai S yana da GTG, mai C kuma AAG. Harafi ɗaya. Don a karanta shi sai an fara yawaita wannan ɗan yankin, da hanyar da ake kira PCR, wadda sunanta ya shiga bakin kowa a lokacin korona. Ana ciro DNA daga fararen ƙwayoyin jini, a zuba a 'yar kwalbar da ba ta kai kan ɗan yatsa ba, tare da wasu gajerun guntaye biyu da ke nuna farkon wurin da ake so da ƙarshensa, da kuma wani sinadari mai kwafi. Na'ura sai ta ɗaga zafi zuwa kusan digiri 95, igiyar DNA ta warware gida biyu. Ta sauke zuwa wajen 55 ko 60, guntayen su manne a gurbinsu. Ta ɗaga zuwa 72, mai kwafi ya cike sauran. Kowane zagaye adadin yana ninkawa. Zagaye 30 yana iya mayar da kwafi ɗaya ya haura biliyan. Sinadarin kwafin da ke jure wannan zafi an samo shi ne daga wata ƙwayar bakteriya da ke rayuwa a maɓuɓɓugar ruwan zafi ta Yellowstone a Amurka.

Kary Mullis ne ya ƙirƙiro dabarar a 1983, aka ba shi kyautar Nobel a 1993. Abin da ya kamata mu sani shi ne, rahoton kimiyya na farko da aka buga da PCR, a 1985, a kan gano sikila aka yi shi. Bayan an yawaita yankin, akwai wasu sinadarai masu aikin almakashi da ba sa yanka sai sun ga wasu haruffa a jere daidai. Rubutun A suna gane shi su yanka, na S kuwa harafin da ya sauya ya ɓata musu alamar, sai su wuce. Idan aka yi wa guntayen tseren lantarki, tsawonsu ke faɗin ko mutum AA ne, AS ko SS. Tunda jajayen ƙwayoyin jini ba su da DNA a cikinsu, ƙarin jini ba ya rikita wannan gwajin yadda yake rikita sauran. Da shi ne kuma ake iya sanin jinotaif ɗin ɗan da ke ciki tun watannin farko. Yana da tsada, wuraren yin sa kaɗan ne, kuma ke a halin da kike ciki ba ki buƙatarsa sai idan HPLC ta nuna wani abu da ba a gane ba.

Idan kika tambaye ni wacce takarda na fi zargi, ta farko ce. Ya fi sauƙi a rasa layin da yake nan fiye da a ga wanda babu shi, kuma gwajin taron ɗalibai shi ne inda gaggawa da musanyar kwalba suka fi faruwa. Ba hukunci na yanke ba, zato ne na wanda ya san aikin. Amma har zuwa ranar da za a tabbatar, ki ɗauki kanki AS. A Najeriya kusan mutum 1 cikin 4 yana ɗauke da S, kuma ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna ana haifar jarirai kimanin 150,000 masu sikila a ƙasar kowace shekara, don haka fitowar mutum AS ba baƙon abu ba ne, ba kuma ciwo ba ne. Tun 1954 Anthony Allison ya nuna a Gabashin Afirka cewa masu AS sun fi tsira daga mummunan zazzaɓin cizon sauro, abin da ya sa gadon ya yawaita a ƙasashenmu. Matsalar tana tasowa ne kawai idan biyu suka haɗu. AS da AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ya zama SS. Kowane ciki, ba kowane 'ya'ya huɗu ba. Ana iya haifar biyar babu ko ɗaya, ana iya haifar uku a jere duka masu ciwon.

Ga masu cewa a riƙe takardar farko a yi tawakkali, ki gaya musu cikin ladabi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai raƙumi ya ɗaure shi sannan ya dogara ga Allah. Zaɓar takardar da ta yi wa rai daɗi ba ya sauya abin da ke cikin jini. Ina roƙon ki kuma kada ki bi shawarar masu yawo daga wannan ɗakin gwaji zuwa wancan har sai sun sami inda za a rubuta musu AA, balle masu sayen takarda. Jihar Kano ta kafa dokar gwaji kafin aure a 2024, har da jinotaif a ciki, amma doka takarda take nema, ingancin abin da ke kan takardar yana hannun ɗakin gwaji da kuma gaskiyar masu auren. Wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara na asibiti yana jin kukan mai sikila idan ciwon ƙashi ya tashi, ba zai so a yi wasa da wannan ba.

Abin da za ki yi ke nan. Ku tafi tare da wanda za ki aura, shi ma a sake nasa, zuwa sashen nazarin jini na asibitin koyarwa ko cibiyar lafiya ta tarayya mafi kusa da ku, ko wani ɗakin gwaji mai rajista da hukumar kula da ɗakunan gwaje-gwajen lafiya ta ƙasa, MLSCN. Kafin ki biya kuɗi ki tambaya da wace hanya za a yi. Ki ce HPLC kike so, a haɗa miki da ƙidayar ƙwayoyin jini. Ki tsaya ki ga an rubuta cikakken sunanki a jikin kwalbar a gabanki, kafin a zuƙi jinin ko nan take bayan an zuba. Ki faɗa musu idan an taɓa ƙara miki jini da kuma yaushe. Idan sakamako ya fito, kada ki karɓi haruffa biyu kawai da aka rubuta da biro, ki nemi takardar da na'urar ta buga mai zanen tuddai da kaso, ki kai wa likitan jini ya karanta muku ku biyun a zaune. Idan babu HPLC a kusa, a sake tseren lantarki a wurin da za su yarda su nuna miki takardar da jinin shaida a gefenta, sannan a tabbatar da wata hanya ta biyu; 'yan sandunan gwajin gaggawa irin su HemoTypeSC da Sickle SCAN, masu gane A da S da C daga ɗigon jinin yatsa cikin mintoci, suna taimakawa a nan. Idan mahaifanki suna raye kuma sun yarda, gwada su ma yana ƙara haske, domin idan ke AS ce, ɗayansu yana ɗauke da S. Duk wannan bai fi aikin mako guda ba, don haka ku yi shi tun kafin a kawo lefe.